Waƙar Fari da Bakandamiya: Ƙungiyar Narambaɗa a Gaban Faifai

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, idan masu nazarin kiɗa za su ba da tarihin wata ƙungiyar mawaƙa, daga faifanta na farko suke ɗaukowa. Ranar da faifan ya shiga kasuwa ita ce ranar sunan ƙungiyar. Abin da ya gabace ta duk shiri ne, abin da ya biyo bayanta kuwa da ita ake auna shi. Wannan hanya ta lissafi ta fara kutsowa cikin nazarin waƙoƙin baka na Hausa, har ɗalibi yakan tsaya yana tambaya: wace ce waƙar farko ta makaɗi wane, kuma a wace shekara ta fito? Tambayar ba laifi, sai dai mudun da ta zo da shi na wata kasuwa ne. Manufar wannan maƙala ita ce a gwada wannan mudu a kan ƙungiya guda ta makaɗan fada, watau ta Ibrahim Narambaɗa Tubali, wadda ta yi zamaninta a ƙasar Isa da Shinkafi, amonta kuma ya game Zurmi da Ƙaura Namoda, domin a ga abin da faifai ya adana na wannan ƙungiya, a kuma ga abin da ya rufe.

Faifan fari a can inda al'adar ta tsira

Kafin a yi gwajin, ya kamata a san yadda mudun yake a gidansu. Misalin da ya fi kowane shahara shi ne na ƙungiyar Beatles, samari huɗu 'yan birnin Libaful ta Ingila: John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr. Faifansu na farko, mai suna "Love Me Do", ya fito ranar 5 ga Oktoba, 1962, da tambarin Parlophone na kamfanin EMI. Waƙar ba ta cika minti uku ba. A jerin faifan da aka fi saye a Ingila ta tsaya a matsayi na 17, sai a 1964 ta kai matsayi na ɗaya a Amurka. An san cewa sau uku aka ɗauke ta a Landan cikin 1962, a ranar 6 ga Yuni da 4 ga Satumba da 11 ga Satumba, kuma kowane zama da mai gangarsa dabam: Pete Best, sa'an nan Ringo Starr, sa'an nan Andy White. An san cewa George Martin, wanda ke kula da ɗaukar, ya so su fara da waƙar da wani ya tsara, su kuwa suka nace sai tasu.

Waƙar kanta ba ta cikin manyan ayyukan ƙungiyar. Kalmominta kaɗan ne, ana ta maimaita su. Darajarta a tarihi ta samu ne daga matsayinta na 'yar fari, da kuma nacewar nan da samarin suka yi a kan su rera abin da suka tsara da kansu. Abin lura a nan shi ne, faifai ya riski Beatles suna samari, ya bi su shekara da shekara har suka watse a 1970. Saboda haka mai nazarinsu yana iya jera faya-fayansu ya ga girmansu daki-daki, kamar mai duban tsiro tun yana ganye biyu har ya fid da kai.

Mafarin Narambaɗa

An haifi Ibrahim Narambaɗa a garin Tubali cikin ƙarshen ƙarni na 19. Masu tarihinsa sun tafi a kan cewa mahaifinsa, Maidangwale, ɗan kokawa ne wanda ya fito daga Filinge ta ƙasar Nijar ta yau, mahaifiyarsa kuwa 'yar Badarawa ce ta ƙasar Shinkafi, daga gidan makaɗan kotso. Ke nan kokawa ya gada ta wajen uba, kiɗa kuma ta wajen uwa. Laƙabin da ya danne sunansa na yanka an ce ya samo shi ne daga wata karya da yake da ita, wadda ake kira Rambaɗa.

Da kiɗan noma ya buɗe baki. Wannan kuwa ba shi kaɗai ba ne. Musa Ɗanƙwairo Maradun ma daga kiɗan noma gidansu ya taso kafin ya shiga fada. Waƙar noma tana da sharuɗɗanta. A fili ake yin ta, a gaban ƙartai masu gayya, kuma awonta shi ne saukar garma da hauya. In ta sa manomi ya ƙara kuyya, ta yi. In ba ta motsa shi ba, ta mutu a nan gonar. A wannan makaranta makaɗi ke koyon yadda ake zuga namiji da sunan ubansa da na kakansa, da yadda ake tsokanar rago ba tare da an kama sunansa ba. Waɗannan dabaru biyu, zuga da habaici, su ne Narambaɗa ya ɗauka ya shiga da su fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu, wanda ya zama ubangidansa, ya kuma zama maganar mafi yawan manyan waƙoƙinsa.

To, in ana neman abin da ya yi daidai da faifan fari a rayuwar wannan ƙungiya, a bakin gona yake. Masu sauraronsa manoman wannan rana ne, ladansa kuwa dami ne da goro da suna a ƙauyukan kewaye. Irin wannan waƙa ba a yi ta don a ajiye ba. An yi ta don ta yi aikinta, ta ba da wuri ga ta gaba.

Abin da Bahaushe ke lissafi da shi

Da yake Bahaushe bai riƙe waƙar fari a matsayin ma'auni ba, da me yake auna makaɗi? Da bakandamiyarsa. A asali kalmar tana nufin wata irin bulala ta fatar dorina, daga baya aka ara ta ga waƙar da makaɗi ya fi ji da ita, wadda ya zuba iyakar azancinsa a ciki. Narambaɗa yana da tasa, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu, kuma da wannan suna aka san ta. Mamman Shata ma yana da tasa. Bature yana tambayar inda mawaƙi ya faro, Bahaushe kuwa yana tambayar inda ya ƙure.

Bambancin nan ya samo tushe daga yadda waƙar fada take ginuwa. Tana da gindi, watau 'yan layukan da ake komawa gare su, tana kuma da ɗiya, watau ɓangarorin da jagora ke saƙawa tsakanin gindi da gindi. Gindi a kafe yake, ɗiya kuwa suna yawo. Yau an yi salla, sarki ya hau, makaɗi ya ƙara ɗa a kan hawan. Gobe wani ɗan sarki ya yi rowa ko ya nuna kwaɗayin gadon sarauta, sai a ɗinka masa nasa ɗan na zambo. Wani bafade ya rasu, a sauke ɗansa ko a mai da shi na ta'aziyya. Waƙa guda tana iya rayuwa shekaru masu yawa a bakin ƙungiya, tana ƙiba tana ramewa. Ashe ke nan tambayar shekarar da Bakandamiya ta fito tambaya ce da ba ta dace da jikin waƙar ba, domin kowane hawan salla fitowa ce.

Ƙarfin Bakandamiyar Narambaɗa yana cikin yadda ya tufka igiya uku wuri guda. Ta farko yabon sarki, da jaruntakarsa da asalinsa da kwarjininsa. Ta biyu zambo da habaici ga masu ja da sarki, waɗanda ba a kama sunansu, amma duk wanda ke fadar ya san inda aka dosa. Ta uku kirarin makaɗin ga kansa da ga sana'arsa, inda yake maganar waƙa kamar yadda malami ke maganar ilmi. Wannan igiya ta uku ita ta ɗaga waƙar daga matsayin roƙo. Makaɗin da ya tsaya gaban sarki yana bayyana cewa shi ma sarki ne a fagensa ya nuna cewa yabon da yake yi yana da tsada, tun da daga bakin gwani ya fito. Haka kuma a waƙarsa ta Dokin Iska Ɗanhilinge, doki ake yabo a zahiri, amma kowace kyakkyawar siffa da aka ba dokin a kan mai dokin take sauka. Wannan karkatar da yabo, a bi da shi ta bayan gida ya iso zaure, yana daga cikin alamomin da ake gane hannun Narambaɗa da su.

Faifai ya iso da la'asar

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙaura Namoda a 1929, nan kuma ta tsaya. Garin ya zama bakin ƙofar da gyaɗa da auduga da fatu na arewacin Zamfara ke fita, kayan kanti kuma ke shigowa, su bazu zuwa Zurmi da babbar kasuwar Shinkafi. Akwatin garmaho, daga baya kuma akwatin rediyo, suna cikin baƙin da wannan zamani ya kawo. An kafa Hukumar Watsa Labarai ta Nijeriya a 1957, gidan rediyon Jihar Arewa da ke Kaduna kuma ya buɗe a 1962, watau shekarar da faifan Beatles na farko ya fito. Narambaɗa kuwa a farkon shekarun 1960 ya rasu.

In aka jera waɗannan shekaru za a ga inda labarin biyu suka saɓa. Na'urar ɗaukar murya ta tarar da Beatles da hantsi, ta tarar da Narambaɗa da la'asar sakaliya. Muryar da ake ji a yau a rediyo da kaset da wayar hannu muryar dattijo ce wanda ya riga ya gama ƙwarewa. Abin da faifai ya zame wa samarin Libaful takardar haihuwa, ya zame wa ƙungiyar Tubali wasiyya.

Wannan ya haifar da abubuwa biyu da ya wajaba mai nazari ya kiyaye. Na farko, an ji ƙarshen tafiya ba a ji farkonta ba, shi ya sa Narambaɗa yake bayyana ga mai sauraro kamar wanda aka haifa da gemunsa, alhali kuwa shekaru ya yi yana tuntuɓe a gona da dandali kafin harshensa ya faɗa. Na biyu, na'ura zama ɗaya take kamawa. Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti, abin da fuskarsa guda ke ɗauka bai wuce kamar minti uku ba. Zaren gidan rediyo ya fi shi numfashi, amma shi ma abin da aka rera a wannan rana kaɗai ya sani. Ɗiyan da jagora ya ga dama ya kawo a ranar su suka tsira. Da kaset ya yaɗu a shekarun 1970, aka yi ta kwafar wannan zama guda daga hannu zuwa hannu, har kunnen jama'a ya sarƙu da shi. Yau in wani tsoho a Badarawa ya rera wani ɗa da ba ya cikin kaset, yaro mai waya zai ce masa ya yi kuskure. Hoto ya kori mai hoto daga gidansa.

'Yan amshi

Babbar asarar da wannan sauyi ya jawo ta faɗa kan 'yan amshi. Beatles sunan taro ne, kowa ya san mutum huɗun da ke cikinsa, har an san wanda ya buga ganga a kowane zama. A ƙasar Hausa kuwa sunan jagora ake kiran ƙungiya da shi. Akan ce "waƙar Narambaɗa", sai ka ce shi kaɗai ya tsaya gaban sarki.

Duk wanda ya kasa kunne da kyau ya san ba haka abin yake ba. A kiɗan kotso 'yan amshi ba maimaita gindi kaɗai suke yi ba. Sau da yawa jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su yi masa rakiya, muryoyinsu na bin tasa. Wani lokaci a yi karɓeɓeniya, shi ya faɗi nasa su faɗi nasu, har ɗan ya kai gindi. Duk wannan suna yin sa ne hannuwansu na kan kotso. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai mutane sun daɗe tare, sun haddace ɗiyan, sun san numfashin jagoransu, sun san inda zai tsaya tun bai tsaya ba. A nan ake gane cewa ɗiyan waƙar fada shiryayyu ne, an zauna an tsara su an bita kafin a fito da su. Nauyin da ake ji a waƙoƙin Narambaɗa, wannan cika da ke sa gindi ya sauko kamar rugugin hadari, daga ƙirazan waɗannan mutane yake fitowa.

Daɗin daɗawa, amshi shi ne makarantar makaɗa. Ɗanƙwairo ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa wansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiya har zuwa rasuwarsa a 1991. Ana ma cewa laƙabin nasa sunan wani yaron mahaifinsa ne mai zaƙin murya, wanda aka ga muryarsu ta yi kama. In haka ne, to ga ɗan amshi guda da sunansa ya tsira, amma a kan wani. Nazarin da ya tsaya kan jagora kaɗai ya bar rabin fasahar a waje, ya kuma bar hanyar da fasahar ke bi daga tsara zuwa tsara.

Harshen waƙoƙin

Akwai wata asara ta uku, wadda ba na'ura ta jawo ta ba, alƙalami ne. Narambaɗa da Hausar yamma ya yi waƙa, Hausar Gobir da Zamfara, wadda har yau ita ake ji a Shinkafi da Zurmi da Ƙaura. A wannan karin harshe ana cewa "yaz zo" da "tat tahi" da "sunka" da "anka", inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "ya zo" da "ta tafi" da "suka" da "aka". Sunan dokin nan ma shaida ne: Ɗanhilinge, da "h" a gurbin "f".

Wannan bambanci ya wuce na lafazi, domin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. A cikin "wanda ya zo", gaɓar "ya" mai sauƙi ce. A cikin "wanda yaz zo", gaɓar "yaz" mai nauyi ce. "Suka" gaɓoɓi biyu ne masu sauƙi, "sunka" kuwa ta farkonta mai nauyi ce. Mai rubuta waƙar da ya gyara ta zuwa daidaitacciyar Hausa, da nufin sauƙaƙa wa ɗalibai, ya sauya awon da kotso ke bi. Mai karatu zai ga layi a takarda ya rasa dalilin da ya sa ake yabonsa, domin an zare masa ƙashin baya. Ƙa'idar da ta dace ita ce a rubuta abin da kunne ya ji, in ana bukatar bayani a yi shi a gefe.

Gadon da aka bari

Duk da waɗannan asarori, abin da na'ura ta tsirar ba kaɗan ba ne, kuma a kansa aka gina ilmi mai yawa. Tun a 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata, abin da ya nuna cewa makaɗin baka ya isa a yi masa nazari mai zurfi. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009. Makaɗin da ya yi wa fada guda hidima ya zama abin karatu a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato.

Yankin da ya haife shi kuma bai tsaya a kansa ba. Zurmi ta fid da Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta, wanda waƙoƙinsa suka kai har ga ɓarayi. Fagensa ya yi nesa da fada, amma tsarin guda ne: jagora da mataimakansa, gwarzo da ake zugawa, rago da ake yi wa dariya, waƙa kuma tana girma a fage kafin na'ura ta same ta. Shi ma da manyan waƙoƙinsa ake tuna shi, ba a tambayar wadda ya fara.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, iyaka ta ratsa tsakanin Isa da Shinkafi, fadar da Narambaɗa ya yi wa kiɗa ta zauna a Jihar Sakkwato, garin kakanninsa na wajen uwa ya koma Zamfara. Daga shekarun 2010 kuma rashin tsaro ya addabi wannan yanki, ƙauyuka da dama suka tashi, har a 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Wannan ya shafi maganar da ake yi kai tsaye. Ɗiyan waƙar da ba su shiga kaset ba, da sunayen waɗanda suka riƙa wa jagora amshi, da labarin ranar da aka yi wa wane habaici da dalilin yin sa, duk a kawunan tsofaffin waɗannan garuruwa suke, da zuriyar makaɗan. Tsoho in ya bar garinsu ya koma gudun hijira, ba a cika tambayarsa waƙa ba.

Kammalawa

An ga cewa mudun faifan fari ya dace da ƙungiyar da faifai ya yi wa renon ƙuruciya, irin Beatles, amma in aka auna ƙungiyar Narambaɗa da shi sai a fita da tiya ba komai. Tarihin wannan ƙungiya ya faro a gona, ya nuna a fadar Isa, na'ura kuma ta zo ta ɗauki ƙarshensa. Saboda haka aikin da ke gaban masu nazari iri uku ne. A ɗauki kowane kaset a matsayin zama guda cikin zamammaki masu yawa, a nemi sauran ɗiyan a bakin waɗanda suka ji su. A bi zuriyar 'yan amshi a Tubali da Isa da Badarawa a rubuta sunayen iyayensu da rawar da kowa ya taka. Sa'an nan a rubuta waƙoƙin da Hausar da aka rera su. Biyu na farkon ba sa jira, domin waɗanda suka ga Narambaɗa da idonsu suna yara, yau sun tsufa.